Wai fiziks ƙarshenta alli?

Ɗan yayata ya nemi likitanci aka ba shi fiziks, shi kenan guruf ɗinmu na 'yan uwa a WhatsApp ya koma kamar gidan makoki. Wani yayanmu har da saƙon murya, wai yaron ya haƙura ya sake jarabawa baɗi, don fiziks "ƙarshenta alli da allo". Ya manta ni ma ita na karanta, ko kuma bai manta ba, Allah masani. Na yi shiru don girmansa, amma abin ya tsaya min a rai.

Ku da kuke gida kun san yadda muke auna kwas, sunan aikin muke tambaya, in ba a ce likita ko injiniya ko lauya ba to an yi asara. A nan Ingila lissafi ake yi da biro da takarda. Ɗan ƙasa yana biyan fam 9,250 a shekara tun 2017, a 2025 aka ƙara ya koma 9,535, kuma kuɗin ɗaya ne ko fiziks kake ko tarihi. Gwamnati ke ba da bashin, waɗanda suka shiga daga 2023 ba sa fara biya sai albashinsu ya haura fam 25,000 a shekara, sannan a riƙa cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya hau kai, in shekara 40 ta cika ba ka gama ba a yafe sauran. To kun ga dole uba ya tambaya, wannan digirin zai mayar da kuɗinsa kuwa?

Na taɓa raka 'yar abokina ranar da jami'a ke buɗe ƙofa iyaye su zo su gani, aka zagaya da mu ɗakunan gwaji, wani yaro sanye da tabarau na kariya yana zuba ruwan naitirojin hayaƙi na malala a kan tebur, iyaye suna ta ɗaukar hoto. Amma da aka zauna a hol wata farfesa ta hasko allo mai nuna inda ɗalibanta suka nufa bayan gamawa, nan fa kowa ya ajiye waya ya natsu: bankuna, kamfanonin inshora, masu haɗa manhaja, asibiti, koyarwa, sai 'yan kaɗan da suka wuce digirin digirgir.

Ni abin da na fahimta, ba fiziks ɗin kanta masu ɗaukar aiki suke saye ba. Da digiri na farko kaɗai da wuya a ɗauke ka aikin bincike, wannan sai ka ƙara gaba. Abin da suke biya shi ne kan da ya saba da lissafi mai wuya, ya iya Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, a jibge masa bayanai a hargitse ya zauna ya warware ba tare da ya firgita ba. Shi ya sa bankunan Canary Wharf a Landan ke zawarcinsu. A asibitocin gwamnati na NHS kuma akwai horon shekara 3 da ake yi da albashi, ka fito kai ne mai auna ƙarfin hasken da injin zai harba wa mai cutar daji. Tim Berners-Lee ma da ya ƙirƙiro shafukan yanar gizo a cibiyar binciken fiziks ta CERN a 1989, fiziks ya karanta a Oksfod.

Ba wai na ce komai zam-zam ba ne. Hanyar likita a miƙe take, ta injiniya ma haka, kuma na san mai fiziks a nan da ya daɗe yana ɗaukar kwalaye a sito saboda bai koyi komai ba bayan abin da aka rubuta a allo. Baƙo kuma ana caje shi fiye da ninki biyu, ba bashin gwamnati, don haka kar wani ya karanta wannan ya je ya sayar da abin hannunsa. Amma a ce digirin ba shi da daraja, wannan kam ban yarda ba ko kaɗan.

Allin ma da ake rainawa, a 2025 gwamnatin nan fam 29,000 take bai wa wanda ya yarda a horar da shi ya koyar da fiziks, kyauta, ba haraji, saboda malaman sun yi musu ƙaranci sosai, har 'yan wasu ƙasashe ta buɗe wa ƙofa. Mu kuma malamin da ya koya mana dokokin Newton ba kayan gwaji, da hannu yake kwatantawa, shi ne abin yi wa yara gori. Abokan karatuna da suka riƙe aji, mutanen da wallahi wasunsu sun fi ni kai nesa ba kusa ba, yanzu duk gaisuwarsu ƙarshenta tambayar biza ce. Ina tura musu bayanin, ya zan yi, ba ni da bakin hana kowa tunda ni ma nan nake zaune. Amma duk wanda na tura wa sai na tambaye shi wa zai bar wa 'yan ajinsa, kuma har yau ba wanda ya ba ni amsar kirki.