Ranar da surukina ya ji ina neman giya

Abin duk daga injin taliyar uwargida ya faro. Bakin mariƙinsa ne ya cinye, daidai inda ake zura shi a jikin injin, sai ya zamana tana juyawa yana zamewa, kwaɓin fulawa na zaune yana kallonta. Ta ce, "Maigida, in za ka fita ka biya da shi wajen mai walda ya ɗan ɗiga masa ƙarfe." A lokacin kuwa na yi wata uku ina raba dare a YouTube, ina kallon wasu tsofaffin Turawa 'yan fansho, kowa da ɗan ɗakinsa a bayan gida, suna sassaƙar ƙarfe kamar masu yankan sabulu. Na karɓi mariƙin, na juya shi gaba da baya, na auna, na zana a takarda, na ce mata walda aikin kwana biyu ne, ni sabo fil zan ƙera mata. Ta yi mini irin kallon da ta yi mini shekarar da na fara kiwon tarwaɗa a bahon wankinta, ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ga wanda bai taɓa ganin injin sassaƙar ƙarfe irin na Turawan nan ba, wanda ake kira milling machine, a tsaye yake kamar injin huda ƙarfe, sai dai shi yana da tebur mai tafiya hagu da dama, gaba da baya, in ka juya wasu 'yan ƙafafu masu hannu. Ka ɗaure ƙarfenka a kan teburin, wuƙa tana juyawa daga sama, kai kuma kana miƙa mata shi kaɗan-kaɗan tana aske shi. Na masana'antu sukan kai tan guda. Na 'yan sha'awa irina ƙanana ne, yawanci ƙirar China, nauyinsu kamar buhun siminti, motarsu wat 350, wato ko rabin wutar da dutsen guga ke ja ba ta ja.

A Ƙofar Ruwa na tsinci nawa, a wani shagon kayan kwantena na hannu, yana jingine tsakanin injin yankan ciyawa da wata na'urar motsa jiki. Mai shagon bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Alhaji, yadda ka gan shi haka na gan shi. Ba gwaji, ba dawowa." Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na ƙirga masa kuɗin da zai sayi injin taliya fiye da goma, aka kinkima shi aka sa mini a adaidaita sahu.

Kafin in gama share siton da zan ajiye shi, auta ta fita ta yi shela a layi cewa Abbansu ya sayo inji. A unguwarmu kuwa in aka ce inji, inji ɗaya ake nufi. Washegari ina dawowa daga sallar asuba na tarar da yara bakwai a ƙofar gida, wannan da bokitin jiƙaƙƙen wake, wancan da geron koko, wata da tumatir da tattasai a roba. Tsohuwar da ke ƙarshen layi har da aiko tambaya, nawa ne kwano, kuma ana bin bashi? Na tsaya ina yi musu bayanin cewa wannan injin ƙarfe yake ci, ba hatsi ba. Suka saurare ni tsaf, suka koma gida suka ce injin Malam bai fara aiki ba tukuna. Ban ji haushinsu ba, domin abin da suka faɗa ya fi nawa bayanin kusa da gaskiya.

Filogin injin mai siraran ƙafafu ne, bai shiga soket ɗinmu. Na aika aka sayo mini 'yar adafta, na jona, na yi bisimilla, na danna. Sai ji na yi fat! Wani siririn hayaƙi ya taso daga akwatin da ke bayan injin, sito ya gauraye da ƙaurin roba. Uwargida ta leƙo daga kicin tana tambayar wa ya bar guga a kan kaya. Bayan hayaƙin ya lafa ne na haska bayan injin da fitilar waya, na karanta 'yar takardar da ya kamata in karanta tun a kasuwa: 120V, 60Hz. Ashe daga Amurka aka kwaso shi, inda wutar gida bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Adafta ƙafafu kawai take sauyawa, wutar tana nan yadda take. A cikin akwatin nan akwai wani allon lantarki da ke ƙara wa motar gudu ko ya rage, shi na soya. Mai gyaran talabijin na bakin titi ya sauya fis da wasu 'yan baƙaƙen abubuwa guda biyu masu ƙafa uku-uku, ya kuma umarce ni da in sayi taransfoma mai sauko da wuta. Na saya. Sai aka ɗauke wutar kwana huɗu.

Ranar Juma'ar da aka dawo da ita, ban ko cire kayan masallaci ba na gayyato 'yan majalisarmu mutum biyar su zo su ga ikon Allah. Na naɗe hannun riga, domin wannan kam na ji Turawan suna nanatawa, wuƙar in ta kama tsumma ba ta saki sai da mai shi. Na ɗaure guntun rodi mai kaurin milimita 10. Abin da nake so shi ne in aske milimita ɗaya a kowane gefe, bakin ya zama shafaffe. A jikin kowace ƙafar juyawa akwai zane-zane kamar na ruler, ni kuma na yanke wa kaina hukunci cewa kowane zane ɗaya bisa ɗari ne na milimita. Na ƙirga ɗari cif. Injin yana da giya biyu, ƙarama mai kaiwa juyi 1,100 a minti, babba mai kaiwa 2,500. Mutum ya tara jama'a kuma ya sa ƙaramar giya? Na sa babba, na murɗe ta har ƙarshe, na tura.

Ƙarar da ta fito ban taɓa jin irinta ba, kamar an jefa cokula cikin injin markaɗe. Teburin karatun yaran da na ɗora injin a kai ya fara tafiya da kansa. Sai ƙas! Motar ta ci gaba da kuka lafiya lau, wuƙa kuwa ta tsaya cak a cikin rodi. Na waiwaya in yi bayani, na tarar mutum ɗaya ne ya rage, shi ma don babbar rigarsa ta maƙale a ƙofa. Ya ce, "Injiniya, an gama ke nan?" Tun daga ranar sunan ya bi ni.

Na kwance kan injin na leƙa. A ciki akwai giya, wato faifan nan mai haƙora, kuma ta roba ce, fara sol, haƙoranta huɗu sun zube a cikin giris. Na yi kwana biyu ina zagayen kasuwa da gutsattsarinta a aljihu ban samu ba.

Ranar Lahadi da la'asar surukina ya zo duba jikoki. An yi masa shimfiɗa a tsakar gida, daf da tagar sito, ni kuma ban san ya iso ba. Ina ciki ina waya da wani abokina mai harkar kayan gyara, kuma ni in ina waya unguwa nake yi wa. Abin da ya shiga kunnen dattijon nan shi ne:

"Wallahi giyar ce matsalata, kwana biyu ko barci ba na yi. Har Sabon Gari na shiga lungu-lungu ban samu irin wadda nake so ba. 'Yar China ce, ta roba. In ka samu ka ɗauko mini biyu, ɗaya ba za ta kai ni ko'ina ba. Kuma don Allah kada maganar ta je kunnen uwargida."

Kuɗin nake nufi kada ta ji.

Na fito na gan shi zaune, carbi ya tsaya a hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya sa aka kore yara. Daga nan ya fara. Ya jawo aya, ya jawo hadisi, ya tuna mini ni malamin makaranta ne, 'ya'yan mutane na hannuna, ya tuna mini irin shaidar da aka yi mini kafin ya ba ni 'yarsa. Wanda ya san kunyar suruki ya san ba a katse shi. Kaina na ƙasa, ina cewa "Haka ne, Baba," "Gaskiya ne, Baba," kuma kowace "haka ne" tana ƙara tabbatar masa da laifina. Sai da ya kai inda yake cewa ko a ɓoye ne a nemo mini rubutu in sha, sannan na gane inda aka dosa. Na nemi izini, na shiga sito, na kwaso haƙoran roban nan a murfin kwano na ajiye a gabansa. Na ce, "Baba, ga giyar." Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗaga shi sama ya duba, ya yi shiru. Can ya tambayi nawa na kashe a kan injin zuwa yanzu. Na faɗa masa, har na ɗan rage. Ya ce, "To, ita ma wannan ɗin ka rage sha."

Uwargida tana bayan labule. Har yau in za ta ba ni shayi sai ta tambaye ni ko in kawo maka ta roba.

Abokin nawa bai samu ba, sai ya tura ni wajen wani tsoho mai tana, irin waɗanda makanikai ke kai wa aikin sassaƙar ƙarfe. Na ce masa ya yanka mini sabuwa, amma ta ƙarfe, wadda ba za ta sake karyewa ba. Ya ce yankan haƙoran giya sai da inji irin nawa, a haɗa masa wata na'ura mai raba da'ira daidai wa daida. Wato injin da zai gyara injina shi ne injina. Ya ƙara da cewa ko yana da hali ba zai yi mini ta ƙarfe ba. Robar nan da nake zagi ita ta ɗauki dukan, kamar yadda fis ke mutuwa don talabijin ta rayu. In na sa ta ƙarfe, ran da na sake irin wannan ganganci mota ce za ta tafi, ko allon da na riga na soya sau ɗaya.

Sannan ya tambayi nawa na ci a tura ɗaya. Na ce milimita ɗaya tak. Ya ce ƙarya ne, milimita ɗaya ba ta yin wannan ɓarna. Na nuna masa hoton ƙafar juyawar a waya. Ya matso da tabarau, ya ce in ƙirga zanen da ke zagaye ɗaya. Sittin da biyu da rabi. Ya ce, "Malam, ka taɓa ganin awon milimita da ya ƙare a sittin da biyu da rabi?" Injin 'yan Amurka ne, da inci yake magana. Zagaye ɗaya ɗaya bisa goma sha shida ne na inci, kowane zane kuma ɗaya bisa dubu. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka ɗarin da na ƙirga ba milimita ɗaya ba ce, 2.54 ce. Ga shi kuma wuƙa mai kaurin milimita 10 a kan rodi bai kamata ta kai juyi dubu a minti ba, ni na ba ta 2,500. Ya tambaye ni sana'ata, na ce koyarwa. Ya ce wane darasi? Na so in ce tarihi, amma tsoho ne, na ce lissafi. Bai ce komai ba. Yaran shagonsa ne suka fita waje ɗaya bayan ɗaya.

Ta intanet na yi odar giyar daga ƙarshe, guda biyu, aka yi sati biyar kafin ta iso. Wajen mayar da kan injin na kwance wani ƙaton noti da ke bayan ginshiƙinsa, ashe shi kaɗai ke riƙe ginshiƙin a miƙe. Da na ɗaure, ginshiƙin ya ɗan karkace yadda ido ba ya gani, amma duk abin da na aske sai ya fito da 'yan matakala. Tsohon ya ara mini agogon awo, mai allura ɗaya da ke motsi ko numfashi ka yi kusa da shi. Ka daidaita hagu da dama har allura ta tsaya wuri ɗaya, ka ɗauko sifana ka ɗaure notin, ɗaurin kansa ya sake karkatar da shi. Ka kwance, ka ɗan ƙwanƙwasa da katako, ka sake. Dare shida na yi a kan wannan, ni da agogo da sauro.

Da injin ya miƙe kuma sai na lura ba ni da abin ɗaure aiki mai kyau, na ƙera. Na ga yana buƙatar notocin da ke shiga ramukan teburinsa, na ƙera guda shida. Na yi masa murfin kare ɓarɓashi, na sa kafinta ya yi masa benci. In aka tara duk abin da injin nan ya ƙera a wata ukunsa na farko, babu ko ɗaya da ya fita daga siton, duk nasa ne.

A wata na huɗu na gama mariƙin. Ba yabon kai ba, ya yi kyau, yana sheƙi, bakinsa milimita takwas cif. Na naɗe shi a hankici na kai wa uwargida a kicin. Ta karɓa, ta yaba, ta zura a injin taliya ya shiga zuruf. Sai na hangi wani mariƙi rataye a ƙusa, da ɗan tabon walda a bakinsa. Ta ce tun satin farko ta ɗauke shi daga sito ta ba almajiri ya kai, minti goma aka yi. Ta ce, "Taliya da manjan da kake ci duk Asabar, daga ina kake zaton take fitowa?"

Nawa mariƙin yanzu da shi take fasa ƙanƙara in za ta haɗa zoɓo, ta ce ya fi taɓarya daɗin riƙewa. Shekaranjiya da dare kuma ta fara cewa keken ɗinkinta yana wata 'yar ƙara, sai ta dube ni ta yi shiru a tsakiyar magana. Da gari ya waye na shiga ɗakinta da sifana da agogon awo, na tarar babu keken, wai tun da sassafe an kai shi gidan yayarta.