Ba kowane jini a bayan gida ne basir ba

A watan Oktoban 2022 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna NordICC wanda ya tada ƙura tsakanin likitoci, har wasu jaridu suka yi ta yayata wai ashe leƙa hanji da kyamara don rigakafin kansar hanji ba wani amfani yake ba. To ni dai ba haka na gani ba. Mutum sama da 84,000 aka bibiya a Poland da Norway da Sweden, 'yan shekara 55 zuwa 64, wasu aka gayyace su su zo a zura musu kyamara ta dubura a duba babban hanji, wato kolonoskofi, sauran aka ƙyale su. Bayan shekara 10 kansar hanji ta ragu da kashi 18 cikin 100 a ɓangaren da aka gayyata. Kamar ba yawa ko? Amma fa kashi 42 ne kawai suka amsa gayyatar, da aka yi lissafi kan waɗanda suka je ɗin sai raguwar ta kai kashi 31, mace-macen da kansar ke jawowa kuma suka ragu da kusan rabi. Kenan kyamara ta yi nata, mutane ne suka noƙe, kuma a Turai kenan fa, ina ga mu da ko ambaton wajen ma kunya muke ji.

Abin da ya sa gwajin nan ya fita daban, cutar ba rana ɗaya take faɗowa ba, ɗan tsiron nama ne yake fitowa a bangon hanji, shiru ba ciwo ba komai, yana iya kai shekara 10 kafin ya rikiɗe, idan likita ya hango shi nan take zai tsinke shi a wuce wajen. Kuma ta fara kama masu ƙananan shekaru, jarumin fim Chadwick Boseman yana 43 ta kashe shi a 2020, a 2021 kwamitin rigakafi na Amurka ya sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Yanzu ana ta murnar gwajin jini mai suna Shield da Amurka ta amince da shi a 2024. Yana gano kashi 83 na kansar da ta riga ta kama, amma tsiro mai haɗari da bai rikiɗe ba kashi 13 kacal yake gani, ni kam ban ga abin rawar kai ba tukuna.

Mu a nan matsalar ma ba ta kai can ba. Mutum zai ga jini a bayan gida wata da watanni, yana ramewa, yau zawo gobe bayan gida ya ƙi fita, sai a ce ai basir ne, ya tafi wajen mai mota da lasifika a bakin kasuwa ya sayo jiƙo a gora, sai ciki ya toshe a kwaso shi zuwa asibiti. Eh sau tari basir ɗin ne, amma wa ya duba ya tabbatar?

Gwajin bayan gida da ake kira FIT, mai gano jinin da ido ba ya gani, ya fi araha nesa ba kusa ba, ɗan tsinke ne ka dangwala ka mayar cikin kwalba. Likitocin Ile-Ife sun jarraba shi a kan mutum sama da 2,000 a kudu maso yamma, wajen ɗaya cikin biyar ya nuna jini, kuma duk waɗannan sai an duba su da kyamara. Nan gizo ke saƙar, kyamarar sai manyan asibitoci, kuɗin kuma daga aljihun mara lafiya. Gwamnonin da ke son a ce sun yi aikin lafiya, su fara da sayen injin nan da horar da masu aiki da shi a asibitocin jihohinsu kafin a zo ana raba kwalabe.