Yawa daban, daɗi daban

Malam, ka ce Amurkawa sun fi kowa iya barkwanci a talabijin. Ni dai ban yarda ba. Shirin Amurka na Friends ya kai kashi 236, daga 1994 har 2004, tun ana dariya har aka koma jiran wa zai auri wa. Fawlty Towers na Ingila kuwa kashi 12 ne kacal, kuma babu na yarwa. Mr. Bean fa? Kakata ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma sai ta riƙe ciki don dariya.

Sannan ka tsallake mutanen Ayilan. Father Ted, labarin limaman coci uku da aka jefa wani tsibiri, ya fi su duka shaƙiyanci, ko da yake tashar Channel 4 ta Birtaniya aka yi wa shi.