Burauza biyar a laftof ɗaya, ƙofar gida kuma a buɗe

Shekaranjiya bayan isha'i wani abokina ya kawo min laftof ɗinsa, wai ta yi nauyi kamar jakin da aka labta wa kaya. Ina kunna ta na ga burauza biyar, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, jere a ƙasan allo: Chrome, Firefox, Edge, Opera da Brave. Na ce, "Malam, shagon burauza ka buɗe ne?" Ya ce ai tsaro ne, ya ji masana na cewa kada mutum ya tara harkokinsa duka a burauza ɗaya. Na danna Firefox ɗin don in ga lambar sigarta, sai na tarar rabonta da sabuntawa ya haura shekara biyu. Opera kuwa bai ma san ranar da ta shigo ba, mai gyara ne ya saka masa.

Abin da ya ji gaskiya ne, sai dai rabi ya riƙe. Ni kaina biyu nake aiki da su. Firefox na ware wa banki, imel da duk wani shafi da ake biyan kuɗi a cikinsa, ban maƙala mata wata ƙaramar manhaja ba, ba na kuma bin wani adireshi da aka turo min a cikinta. Chrome ita ce ta yawo: Facebook, YouTube, labarai, sakamakon ƙwallo, duk wani shirgi.

Hikimar rabawar tana cikin abin da ake kira kukis. Idan ka shiga shafi da kalmar sirrinka, shafin yana ajiye ɗan ƙaramin fayil a burauzarka, kamar katin da mai gadi ke ba baƙo don kada a sake tsayar da shi a ƙofa. Kowace burauza da akwatin da take zuba nata katunan, ɗaya ba ta leƙa na ɗaya. Haka su ma ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza, irin na sauke bidiyo ko toshe talla. Da yawansu suna neman izinin karanta duk abin da ka buɗe, mu kuma mu danna amincewa ko dubawa ba mu yi ba. Wadda ka maƙala wa Chrome ba ta ganin shafin bankin da ke buɗe a Firefox. Wannan riba ce ta gaske, ba na musu.

Amma kowace burauza da ka ƙara, ƙofa ka ƙara wa gidanka, kuma kowace ƙofa sai an riƙa duba sakatarta. A watan Satumban 2023 an gano wata ɓaraka a manhajar da ke buɗe hotuna nau'in WebP, wadda hoto ɗaya da aka shirya da mugun nufi ya isa a kutsa ta cikinta. Chrome, Firefox, Edge, Brave, kowa sai da ya fitar da gyara cikin gaggawa. To wanda aka kashe masa sabuntawa don tsimin data fa? Ko wanda alamar sabuntawa ta fito masa a kusurwar Chrome amma ya ƙi rufe ta saboda shafuka arba'in da ya tara, kullum sai dai ya kife murfin laftof ya kwanta? Gyaran ba ya kama aiki sai an rufe burauzar an sake buɗewa. Masu Windows 7 kuma su sani, Chrome ta tsaya musu a siga ta 109 tun farkon 2023, ba wani gyara da ke zuwa.

Wani abin dariyar ma, huɗu daga cikin biyar ɗin abokin nawa 'yan ɗaki ɗaya ne. Chrome, Edge, Brave da Opera duk a kan tushe ɗaya mai suna Chromium aka gina su; Opera ta koma kai a 2013, Edge a 2020. Riguna ne daban-daban a jikin mutum guda, ciwon da ya kama ɗaya yakan kama sauran. Firefox ce kaɗai mai injinta na kanta, shi ya sa na zaɓe ta a matsayin ta biyu.

Inda na fi son a tsaya a saurare ni shi ne nan, don a jikina na ji. Bara na ba ƙanina aron laftof zai haɗa bidiyon bikin abokinsa. Ya sauke wata manhajar tace bidiyo ta kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta. Kwana uku bayan nan, ina zaune a wurin aiki, yayata ta kira ni: "Wai kai ne kake tallan saka jari a Facebook?" Ban ba kowa kalmar sirri ba, ko saƙon lambar tabbatarwa bai shigo wayata ba. Ɓarawon da aka ɓoye cikin manhajar ya kwashe katunan nan na kukis ne, ya shiga da su a matsayin ni. Irin waɗannan manhajojin sata ba ruwansu da wace burauza ka fi so, bi suke ɗaya bayan ɗaya suna kwasar kalmomin sirrin da aka adana. Rabawar da nake taƙama da ita ba ta hana su komai ba, tunda ɓarawon ya riga ya shigo tsakar gida. Abin da ya cece ni a ɓangaren banki kawai shi ne ban taɓa yarda burauza ta riƙe min wannan kalmar ba.

Tun daga nan na buɗe wa 'yan gida asusunsu daban a Windows, marar ikon saka manhajar da za ta taɓa tsarin kwamfutar sai da kalmar sirrina. Ƙanin nawa ya yi fushi na mako guda, ya huce. Kalmomin sirri kuma na kwashe su daga burauza na mayar Bitwarden, wata manhajar adana kalmomin sirri.

Kada wani ya ce min Incognito, wato tagar sirri ta Chrome, zai magance wannan. Ba ya ɓoye ka ga kamfanin layinka ko ga shafin da ka ziyarta, tarihin yawonka kawai yake sharewa a kan kwamfutar. Ita Google ma sai da aka maka ta kotu a Amurka kan wannan batu, a 2024 ta amince za ta goge ɗimbin bayanan da ta tara na masu amfani da shi.

Mun zauna da abokin nan har wajen sha ɗaya. Muka cire Brave da Opera, Edge muka bar ta tunda da Windows take zuwa, muka kunna wa sauran sabuntawa. A cikin Chrome ɗinsa na ƙirga maƙale-maƙale goma sha ɗaya, uku kacal ya iya faɗa min aikinsu. Da muka iso kan ta kallon ƙwallo kyauta sai ya riƙe min hannu, ya ce wannan dai a bar masa ita zuwa ƙarshen kakar wasa.