Witherspoon ya san abin da yake yi

Duk lokacin da aka taso da maganar John Witherspoon da bayinsa, amsar masu kare shi guda ce: ai mutumin zamaninsa ne. Haka suka ce a 2022, sa'ad da wasu 'yan Jami'ar Princeton ta Amurka suka nemi a cire mutum-mutuminsa daga harabar makarantar. Ni dai wannan uzuri bai shige ni ba.

Girmansa ba a musu a kai. Fasto ne na cocin Presbyterian, haifaffen Scotland a 1723. A 1768 ya ƙetare teku ya karɓi ragamar Kwalejin New Jersey, wadda ta zama Princeton, ya riƙe ta har ya rasu a 1794. James Madison, shugaban Amurka na huɗu, ɗalibinsa ne. Shi kaɗai ne fasto mai ci da ya sa hannu a takardar ayyana 'yancin kan Amurka a 1776, kuma bai tsaya a baki ba, don ɗansa James ya faɗi a fagen daga a Germantown a 1777.

To amma a koma garin Beith na Scotland, inda yake fasto a 1756. Wani bawa, Jamie Montgomery, da aka kawo daga Virginia ya koyi kafinta, ya zo wurinsa. Witherspoon ya koyar da shi addini, ya yi masa baftisma da hannunsa. Da ubangidansa ya nemi mayar da shi Virginia, Jamie ya gudu, aka kama shi, ya mutu a kurkukun Edinburgh kafin a yanke shari'arsa. A 1774 kuma, a Princeton, Witherspoon ya karantar da 'yan Afirka biyu da suka fanshi kansu, Bristol Yamma da John Quamine. Wanda ya zauna da mutum ya buɗe masa littafi, ta yaya zai ce bai san cewa mutum ne ba?

Ya sani sarai. Shi da kansa ya koya wa ɗalibai cewa ƙwace wa mutum 'yancinsa da ƙarfi haramun ne. Sai ga shi a 1790 yana shugabantar kwamitin majalisar New Jersey da ya ce babu buƙatar sabuwar dokar 'yanta bayi, wai bautar za ta mutu da kanta. Jiki magayi, kuma ba jikinsa ne ke jira ba. Da aka zo lissafin gadonsa a gonarsa ta Tusculum, an rubuta bayi biyu cikin dukiyar da ya bari.