Matar wane ta zama shugaba

Shekaranjiya da daddare ina teburin mai shayi a Jekadafari, wani ƙanen abokina ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, ba Antinmu ba ce wannan?" Ita ce kuwa. Yayata, wadda ta yi shekara 19 tana aikin likita, an ba ta shugabancin sashe a asibitinsu. Wani shafin labarai na Facebook ya sa kanu: "Matar Alhaji wane, uwar 'ya'ya biyar, ta ɗare kujerar shugabanci." Sunanta sai a layi na uku. "Dokta" kuwa babu shi ko sau ɗaya, amma an samu wurin yabon lafayar da ta yafa.

A makon nan dai shafin ya ba da labarin wani abokin aikinta da aka ƙara wa girma. Dokta wane, ƙwararre, jajirtacce, ga jami'ar da ya yi, ga kwasa-kwasan da ya halarta. Matansa biyu, na san gidansa. Ba wanda ya ƙirga masa 'ya'ya.

Ni ban ce mugunta ce ba. Sabo ne, kuma yana cikin bakinmu duka. Mace ta yi abin kirki, sai mu ce ta yi namijin ƙoƙari. Ta shiga majalisa, sai a ce kallabi tsakanin rawuna, ana ganin an yabe ta, alhali an nuna mata baƙuwa ce a wurin. Ɗan majalisa ya buga tebur ya ɗaga murya, gobe a rubuta "ya yi tsayuwar daka". Mace ta yi irin wannan, sai ka ga "ta fusata", 'yan sharhi a ƙasa su ƙarasa da "ina mijinta?"

Ku dubi Amina Mohammed, 'yar jiharmu ta Gombe. Ministar muhalli ce kafin ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, kuma tana cikin waɗanda suka tsara muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17. Tambayi mai bin labarai a Pantami ko Tudun Wada me ya sani a kanta, da wuya ya wuce ɗaurin ɗankwalinta da cewa mahaifiyarta Baturiya ce. Haka aka yi lokacin takarar Aishatu Binani a Adamawa a 2023: an sha muhawara kan ko mace za ta iya gwamna, abin da ta ce za ta yi wa makarantu da asibitoci kuwa ya tafi a iska. Kujeru 109 ne a Majalisar Dattawa, matan da suka shiga bayan zaɓen nan ba su kai biyar ba.

Na kira Yaya ina ta faɗa. Dariya ta yi, ta ce maigidan nata ne ya fi kowa jin haushi, don tun safe shi ake ta kira ana yi wa murna.