Dattijon Rasta mai magana ɗaya

Wani abokin aikina ɗan Jamaika ne ya matsa mini lamba sai na raka shi kallon Burning Spear, mawaƙin reggae ɗan ƙasarsu, a Brixton, unguwar mutanensu da ke kudancin Landan, a 2022. Tun daga layin shiga warin wiwi ke dukan hanci, wannan ba zan ɓoye ba. A ciki kuwa ga tsofaffin mata da ɗankwali ja da kore da ruwan ɗorawa, ga dattawa sun cusa tulin gashi cikin hular saƙa, wasu da 'ya'yansu manya. Sautin kiɗan har a ƙirji kake jin sa. Tsohon ya fito da farin gemu, shekararsa 77, ya rera baiti ɗaya ya yi ta nanata shi kamar mai wuridi, ya koma kan gangunansa ya buga, ya dawo yana taka rawa. Da ya ambaci Marcus Garvey, wata tsohuwa kusa da ni hawaye ta yi.

Sunan Burning Spear na yanka Winston Rodney. An haife shi a 1945 a St Ann's Bay, garin da aka haifi Garvey, mai kiran baƙar fata su waiwayi Afirka. Ya fara waƙa a 1969, ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy sau biyu, kuma har yau zancensa bai sauya ba: Garvey, bauta, Afirka, da Jah, wato Ubangiji a bakin 'yan Rasta.

Aƙidarsu ba tawa ba ce, ko kusa. Ɗaukaka Haile Selassie, wanda aka naɗa sarkin Habasha a 1930, har a kai shi matsayin allantaka, abu ne da Musulmi ba zai ko saurara ba, shi kansa Selassie Kirista ne mai zuwa coci. Amma Rasta na gaske ba ya cin alade, da yawansu ko giya ba sa taɓawa. A gida, da an ga mai gizo an gama yanke masa hukunci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar abokin nan a jirgin ƙasa muna komawa: wai a ƙasarku wa ke waƙa haka? Raina ya sosu. Mutum ya haura shekara 50 yana waƙa bai wasa wani mai kuɗi ba, mu kuwa mawaƙi ya yi wa ɗan takara kirari bana, baɗi ya yi masa zambo saboda mota ta fito daga wani gidan. Na san za a ce roƙo al'adarmu ce, kuma yunwa ba ta san aƙida ba. Haka ne. To su Jamaika a cikin daula suke?

Na dai kare mu. Na ba shi labarin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, mai yi wa karen mota da talaka waƙa, da Sa'adu Zungur da ya gaya wa sarakuna gaskiya. Ya ce in sa masa ya ji. Na laluba intanet, abin da na samu na Ɗan Maraya tsohon kaset ne da wani bawan Allah ya ɗora, sauti na shaƙewa, babu shekara, babu bayani. Faya-fayan Rodney kuwa an tace su, an sake bugawa, har kamfanin kansa gare shi. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, Shata a 1999, kuma 'ya'yana da ke tasowa a nan sun fi sanin fuskar Bob Marley a kan ta kowannensu.